Loveless na My Bloody Valentine: kiɗa ne ko ƙarar injin niƙa?

Sadiq_Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Ƙorafi na kawo. Sati uku ke nan wani abokina yana hana ni sakat, wai sai na saurari albam ɗin Loveless na ƙungiyar My Bloody Valentine, wai babu jerin manyan albam na shekarun 1990 da za ka duba ka rasa shi. Jiya da daddare na sa a kunne, waƙa 11, minti 48, ban tsallake ko ɗaya ba. Wallahi ban tsinci cikakkiyar jimla guda ba, kuma ina jin Turanci daidai gwargwado. Muryar tana can ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya, a samanta kuwa ƙara ce kamar an kunna injin niƙa a bayan ɗaki. Tambayata: waƙar da ba a jin abin da mawaƙi ke faɗa, ta ina ta zama waƙa, balle a ce ta yi tasiri? Ko masu rubutu a jarida ne suka haɗa baki suka yi mata naɗi?

Ummi_Barnawa: Wa alaikumus salam. Da me ka saurara?

Sadiq_Fagge: Da farko lasifikar waya, daga baya na sa iyafis, amma kunne ɗaya ne ke aiki.

Ummi_Barnawa: To ai kai ka zalunci kanka. Ka je ka aro na kirki ka dawo mu yi magana.

Kawu_Injiniya: Sadiq, ɗana, ka tuna mini da abin dariya. Lokacin da muke samari rediyo mai kaset muke yawo da ita, batir huɗu. Idan batir ya fara sanyi sai ka ji muryar Shata ta ja, kalangu ya yi nauyi, sautin yana lanƙwasa yana miƙewa. Sai mu cire batir mu shanya a rana, wani ma ya ɗan cije shi, mu mayar. Ranar da ɗana ya kunna mini wannan albam a mota, waƙa ta huɗu na shigowa na ce masa tsaya, na'urarka ta lalace. Ya ce Baba haka aka yi ta. Na yi shiru. Abin da muke gudu a da, shi wani ya zauna shekara biyu da wani abu yana ginawa da gangan. Ban ce na so shi ba, amma na daina cewa shirme ne.

Jita_Malam: Kawu ka taɓo inda abin yake. Ni ina kaɗa jita, bari in yi bayanin wannan lanƙwasar. Jitocin da Kevin Shields, jagoran ƙungiyar, ya fi amfani da su, Jazzmaster da Jaguar na kamfanin Fender, suna da wani siririn ƙarfe a gindin tsirkiya. Idan ka danna shi tsirkiyoyin su sassauta, sauti ya yi ƙasa, ka saki ya dawo. Yawancin makaɗa sau ɗaya suke taɓa shi a ƙarshen jimla don ado. Shi kuwa Shields yana riƙe da ƙarfen a hannun da yake kaɗawa, duk bugu ɗaya ƙarfen na motsi. Saboda haka sautin ba ya taɓa zama daram, kullum yana zamewa kaɗan yana komawa mazauninsa. Kunne ya saba da sauti mai tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa kake jin kamar jiri. Na gwada a gida wata uku, abin da nake fitarwa kukan akuya ne kawai. Motsin ƙanƙani ne ƙwarai, ka wuce da kaɗan ya lalace.

Bash2000: Ba haka kawai ba, jita sama da ɗari ya jera kan juna a kowace waƙa, shi ya sa take da kauri. Amurkawa ba su da wasa wajen kashe kuɗi a situdiyo.

Hajiya_Peckham: Bash, kuskure biyu a layi biyu. Ba Amurkawa ba ne. A Dublin aka kafa ƙungiyar a 1983, daga baya suka tare a Landan. Shields dai a New York aka haife shi, amma yana yaro iyayensa suka koma Ailan. Shi da mai ganga Colm Ó Cíosóig 'yan Ailan ne, matan biyu, Bilinda Butcher da Debbie Googe, 'yan Ingila. Maganar jita ɗari kuma shi da bakinsa ya sha musantawa, ya ce jitocin ba su da yawa, salon kaɗawar ne ke sa ka ji kamar taro.

Bash2000: Na karɓi gyara Hajiya. A wani bidiyo na ji.

Jita_Malam: Ƙari a kan maganar Hajiya, yawancin albam ɗin ma ba a raba sautin hagu da dama ba, an tara shi a tsakiya ne. Don haka Sadiq, iyafis ɗinka mai kunne ɗaya bai cuce ka sosai ba kamar yadda Anti Ummi ta ce. Lasifikar wayar ce ta cuce ka.

Ummi_Barnawa: Malam Jita kar ka ba shi mafaka.

Sadiq_Fagge: Duk na ji, na gode. Amma har yanzu babu wanda ya amsa tambayata. Kun yi mini bayanin yadda aka yi ƙarar. Ni kalmomi nake tambaya. Mu a wurinmu mawaƙi da maganarsa ake auna shi. Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, amma idan ya yi baiti sai ka kwana kana juya shi. Narambaɗa ya rasu tun kafin a haifi iyayen wasunmu, har yau malaman jami'a na fashin baƙin maganganunsa. Wannan fa? Me zan riƙe in tafi da shi?

Zinder_Tsohuwa: Ɗan'uwa Sadiq, kana haɗa waƙa da kiɗa wuri ɗaya. Ran sallah a ƙofar fadar Damagaram, idan masu algaita suka fara busa, kumatu a kumbure, numfashi ba ya yankewa, wace kalma kake ji? Gashin jikinka na tashi ko ba ya tashi? Haka goge. Akwai lokacin da mai goge ke jan sauti ɗaya yana murza shi har sai mutane sun fita hayyacinsu. Mu ma muna da kiɗan da jiki yake nema, ba hankali ba.

Dattijo_Gwale: Ban yarda da wannan kwatancen gaba ɗaya ba. Algaita da kakaki da tambari magana suke yi. Take suke busawa, wanda ya san fada ya san kirarin wane ake yi, zai iya faɗa maka kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Harshenmu na karin sauti ne, shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum. Don haka ko inda ba a buɗe baki ba, magana na nan a ƙasa. Sadiq na da hujja.

Zinder_Tsohuwa: Wanda ya san fada ka ce, Baba. Yaro ɗan shekara bakwai da ke kan kafaɗar ubansa fa? Bai san take ba, amma ka dubi idonsa.

Ummi_Barnawa: Bari in amsa wa Sadiq kai tsaye. Ba kuskure aka yi wajen haɗa sauti ba, da gangan aka binne muryar. Sun ɗauki murya a matsayin kayan kiɗa, daidai da jita, ba shugabar da kowa ke yi wa rakiya ba. Ko kalmomin ba a buga a jikin faifan ba, shi ya sa in ka duba intanet za ka ga kowa da abin da ya ji. Sau da yawa ba za ka bambance ko Bilinda ce ke rerawa ko Kevin ba, shi yana sirantar da murya, ita tana saukar da tata. Ni na fara jin albam ɗin lokacin da nake jinyar mahaifiyata, wata biyu ina kwana a kan tabarma a gefen gado. Ƙarfe uku na dare, fanka na juyawa, ba barci ba farke ba. A wannan halin ba na son wanda zai gaya mini komai. Waƙa mai nasiha ma haushi take ba ni. Wannan ita kaɗai ce ba ta nemi in fahimci wani abu ba. Abin da na riƙe na tafi da shi ke nan, tunda ka tambaya.

Kawu_Injiniya: Allah ya jiƙan magabata, in kuma tana raye Allah ya ƙara lafiya.

Ummi_Barnawa: Tana nan da sauƙi Kawu, amin na gode.

Ɗan_Kasuwa_Kwari: Ni ɓangaren kuɗin ne ya tsaya mini. An ce kamfanin da ya ɗauki nauyinsu ya kusa rushewa. Gaskiya ne?

Hajiya_Peckham: Kamfanin Creation ne, na Alan McGee, ƙaramin kamfani mai zaman kansa a lokacin. An fara aiki a farkon 1989, albam bai fito ba sai 4 ga Nuwamba 1991. A tsakani sun zaga situdiyo 19, injiniyoyin sauti kuwa an yi ta sauya su. Jaridu sun yi ta yaɗa cewa an kashe fam 250,000, Shields kuma ya ce ƙari aka yi, kuɗin bai kai haka ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne albam ɗin ya tsaya a lamba 24 a jadawalin Birtaniya, kuma jim kaɗan bayan fitowarsa McGee ya sallame su. A 1992 ya sayar wa Sony kusan rabin kamfanin. Ƙungiyar Oasis da ya ɗauka a 1993 su suka cika masa aljihu daga baya.

Ɗan_Kasuwa_Kwari: To kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba ke nan. Ni da yarona ne ya riƙe mini jari shekara biyu yana gyaran zare ɗaya, ranar zai san inda dare ya yi masa.

Jita_Malam: Alhaji ai McGee ma abin da ya yi ke nan. Sai dai yau shekara talatin da wani abu ana sake buga faifan ana saye. Wani kayan ba a kasuwar ranar ake cin ribarsa ba.

Ɗan_Kasuwa_Kwari: Wanda ya zuba jarin ne ke ci, ko wani?

Jita_Malam: Wannan kuma ka kama ni.

Nafisa_Kumasi: Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sunan ƙungiya ne a jiki amma kusan aikin mutum ɗaya ne. Debbie Googe, mai jitar bas ɗinsu, ba ta kaɗa komai a faifan ba, Shields ne ya kaɗa jitar bas ɗin da kansa. Colm kuma rashin lafiya ta kama shi, sai aka ɗauki ɗan abin da ya iya bugawa aka yayyanka aka jera da na'ura. Waƙa biyu ce kawai ya buga ganga kai tsaye. Amma gajeren kiɗan nan na uku, Touched, wanda bai kai minti ɗaya ba, nasa ne shi kaɗai. Idan ka san haka sai ka daina jin albam ɗin a matsayin mutum huɗu a ɗaki. Ya fi kama da abin da yaranmu ke yi yau da kwamfuta ɗaya a shago, sai dai shi da tef ya yi.

Bash2000: To tasirin fa? Su wa suka kwaikwaye su? Kar in sake faɗin abin da Hajiya za ta gyara.

Hajiya_Peckham: Ka yi wayo. Na kusa shi ne ƙungiyar Smashing Pumpkins ta Amurka. Jagoransu Billy Corgan ya ɗauko Alan Moulder, injiniyan da Shields ya fi amincewa da shi a aikin Loveless, ya haɗa masa sautin albam ɗin Siamese Dream a 1993. Wannan ya sayu da miliyoyi, don haka mutane da yawa sun ji ɗanɗanon abin ba su san tushensa ba. Sannan akwai salon da 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa suna shoegaze, wato masu kallon takalmi, saboda makaɗan kansu a sunkuye yake suna taka akwatunan sauya sauti da ke gabansu. Da farko ba'a ce. Ƙungiyoyin Slowdive da Ride duk an sa su a wannan layi. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 an yi watsi da salon, Britpop, salon su Oasis, ta karɓe fage, Creation ma ta sallami Slowdive a 1995. Sai ga shi sun dawo a 2014, kuma yanzu masu cika musu zaure yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka sallame su.

Zee_04: Ni ce wannan. A TikTok na fara jin Slowdive, daga nan na bi sawu har na iso Loveless. Akwai wani ɗan Koriya ta Kudu, Parannoul, da ya yi albam a ɗakinsa da kwamfuta a 2021, irin wannan kaurin sautin ne sak. Ba na jin Koriyanci ko kalma ɗaya kuma bai hana ni komai ba. Yaya Sadiq, kai ba ka taɓa son waƙar Indiya ba tare da ka san me ake cewa ba?

Sadiq_Fagge: Ƙanwata kin shammace ni. Na so, har haddacewa na yi ina rerawa da ƙarya. Amma can na san akwai magana, ni ne ban iya yaren ba. Nan kuwa na iya yaren aka ɓoye mini.

Dattijo_Gwale: Wannan bambancin na da ƙarfi.

Malam_Tasha: Ni ina ganin ana zuzuta abin fiye da kima. Kowane zamani masu sharhi na zaɓar faifai ɗaya su mai da shi gunki, kowa ya ji tsoron cewa bai gane ba. A cikin makonnin da ya fito ƙungiyar Nirvana ta Amurka suka saki albam ɗin Nevermind, wannan ne ya sauya kasuwa, ya sauya abin da rediyo ke sawa. Loveless kuwa makaɗa da masu rubutu ne ke yi wa juna kirari da shi. Kuma labarin ne ke sayar da shi: gwanin da ya kusa karya kamfani, ya koma kamfanin Island a 1992, ya gina situdiyo a gida, ya yi shiru shekara 22. Da a ce ya saki wani albam a 1993 ya zama lami, da yanzu ba ma wannan zancen.

Nafisa_Kumasi: Malam akwai gaskiya a maganar labarin, amma shekara 21 da 'yan watanni ne, albam ɗinsu na gaba, m b v, ya fito 2 ga Fabrairu 2013. Na tuna daren, a shafinsu suka sake shi kai tsaye ba kamfani, shafin ya faɗi saboda cunkoso. Kuma tasiri iri biyu ne. Akwai wanda ke sauya abin da jama'a ke saye, akwai wanda ke sauya abin da makaɗa ke jin zai yiwu. Kafin Loveless jita mai ƙara alama ce ta fushi da nuna ƙarfi. Su suka nuna ƙara na iya zama mai taushi, ta lulluɓe ka kamar bargo. Har masu kiɗan metal irin Deafheaven sun ɗauki wannan.

Malam_Tasha: Bargon da sai an raba wa mutane abin toshe kunne?

Hajiya_Peckham: Wannan kam na shaida. Da suka dawo a 2008 na je wasansu a zauren Roundhouse a nan Landan, ƙanen maigidana ya ja ni. A bakin ƙofa ana miƙa wa kowa abin toshe kunne kyauta, na sa a jaka ina cewa su waye za su koya mini jin ƙara, ni da na tashi kusa da masu janareta. Waƙar ƙarshe, You Made Me Realise, suka kai wani wuri suka tsaya a kan sauti ɗaya wajen kwata na awa ko fiye. Mayafina yana kaɗawa ba iska. Ina jin haƙorana. Na duba gefe na ga wani ƙato ya rufe ido yana murmushi, wata kuma ta fice da gudu. Da ƙyar na lalubo abin toshewar a jaka. Kwana biyu kunnena na ƙugi. Amma faifan daban ne Malam Tasha, a hankali ma ana jinsa, ni a kicin nake sawa.

Agadez_Rock: Tunda an zo maganar jita, kar mu manta na gida. Mdou Moctar ɗan Nijar ne, Buzu, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Albam ɗinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauka a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, ya yaɗu ta katin waya. A 2021 Matador, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waƙa masu zaman kansu na Amurka, suka fitar masa da Afrique Victime. Turawan da ke cika masa zaure ba sa jin Tamashek. Su ma sauti suke bi.

Dattijo_Gwale: Amma shi yana da abin faɗa, yana maganar mulkin mallaka da halin da ƙasarsa ke ciki, kuma mutanensa na ji. Ka ga mun dawo kan maganar Sadiq.

Agadez_Rock: Ban ce salonsu ɗaya ba Baba, ko kusa. Masu sauraron nake nufi.

Zee_04: Wanda ke son ƙofar shiga mai sauƙi ya fara da Sometimes, babu ganga a cikinta, kuma ita ce aka sa a fim ɗin Lost in Translation na 2003, inda ake tafe a tasi cikin dare a Tokyo. Sai When You Sleep. Kar a fara da To Here Knows When, ita ce ta sa Kawu ya ce na'ura ta lalace.

Kawu_Injiniya: Ita ce kuwa, ta huɗu.

Sadiq_Fagge: Na dawo. Na aro babban iyafis na maƙwabcina mai gyaran waya, na bi shawarar Zee. Gaskiya biyu zan faɗa. Ta farko, akwai karin waƙa mai daɗi a ƙarƙashin ƙarar, When You Sleep tun safe take yawo a kaina, ina wanke babur ina gunguninta. Ta biyu, gunguni kawai nake yi, domin har yanzu ban san me zan rera ba, kuma wannan na damuna. Malam Tasha ban koma bayanka ba, Anti Ummi ban iso wurinki ba tukuna.

Ummi_Barnawa: Ba sauri ake ba. Ka mayar wa mutane iyafis ɗinsu dai.

Jita_Malam: Wa ke da jita mai wannan ƙarfen a Kano ko Kaduna? Tawa tsirkiya ta biyu ta tsinke jiya garin gwaji, kuma ƙarfen ya fara lilo.

Ɗan_Kasuwa_Kwari: Ni har yanzu ba a gaya mini wanda ke karɓar kuɗin faifan yau ba.

Nafisa_Kumasi: Tun 2021 kamfanin Domino ke fitar da kayansu, lokacin ne ma aka dawo da su manhajojin sauraro gaba ɗaya. Yadda suke rabawa kuma sai ka tambaye su, Alhaji.